Tambaya da Amsa: Me ya haɗa injiniya da wasan kwaikwayo?

TAMBAYA: Baba Injiniya, ina shekarar ƙarshe a karatun injiniyan gine-gine. A darasin ɗa'ar aiki, malaminmu ya raba mu: wannan ɗan kwangila, wancan mai gini, ni kuma injiniyan da ake matsa wa ya sa hannu a ginin da aka rage wa rodi. Dariya muka yi ta yi. Ba ɓata lokaci ba ne, tunda dokokin COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, suna nan a rubuce?
Ɗalibi daga Kano

AMSA: Ɗana, malamin nan ya yi muku gata. Haddace doka ba wuya. Wuyar tana ranar da za ka dubi idon sa'an mahaifinka, wanda abincinka ke hannunsa, ka ce masa a'a.

Aikina na farko wani bene ne. Zane ya ce rodi mai milimita 16 a ginshiƙai, na isa wurin na tarar an ɗaure mai 12. Ɗan kwangilar ya dafa kafaɗata ya ce, "Yarona, shekara talatin nake gini, ba wanda ya taɓa faɗi." Na san lissafin sarai, amma bakina ya mutu. "To, ranka ya daɗe," shi kaɗai ya fito. Kwana na yi ban runtsa ba, sai da asuba na kai wa babban injiniyanmu maganar kafin a zuba kankare. Mu da muka tashi da kunyar manya, harshenmu na bukatar horo a nan.

Har a Amurka hakan ta faru. Daren 27 ga Janairu 1986, injiniya Roger Boisjoly da abokan aikinsa a kamfanin Morton Thiokol, mai ƙera roka, sun yi gargaɗin cewa sanyi zai sandarar da zoben robar da ke toshe gaɓoɓin rokar kumbon Challenger. Manyan kamfanin suka keɓe, aka ce wa shugaban injiniyoyin ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Aka amince a harba kumbon. Washegari, daƙiƙa 73 da tashi, kumbon ya tarwatse da mutum 7. Ilimi bai yi ƙaranci a ɗakin nan ba. Shi ya sa jami'o'i da dama ke sa ɗalibai su kwaikwayi wannan zama.

Dariyarku ba ta dame ni ba, sau da yawa kunya ce ke fita ta nan. Amma ku roƙi malam ya gayyato dattijo na gaske ya hau kujerar ɗan kwangila, za ka ji yadda ajin zai yi tsit. Kai ma wata rana ka karɓi wannan kujera, ka ji nauyin bashin banki da leburori masu jiran kuɗin yini, don ka san irin hujjar da za a kawo maka. Sannan ka tanadi kalmominka, ka furta su da ƙarfi har bakinka ya saba: "Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba sai an kwance an ɗaura mai 16, kuma zan rubuta hakan a takarda."