Maki ɗaya tal a zagaye goma

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Amurka ba ya gajiya da zancen wasan besbol na ƙarshen gasar 1991, wanda aka tashi 1 da 0. Ni kuwa wasan nan duk tsayuwa da jira nake gani. Me ya sa ake ji da shi haka? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙanenka yana da gaskiya. Ranar 27 ga Oktoba 1991 aka yi shi a tsohon filin Metrodome na Minneapolis, tsakanin ƙungiyoyin Minnesota Twins da Atlanta Braves, a World Series, wato gasar fitar da zakaran besbol na shekara a Amurka. Kowace ta ci wasa uku, wannan na bakwai shi ne raba gardama. Abin mamaki, a 1990 dukansu su ne na ƙarshe a rukuninsu.

A besbol sai ɗan wasa ya ratsa tasha uku ya dawo gida sannan a ba shi maki, kamar yadda ruwa ke neman wurin sha a langa. Mai jifa, wato wanda ke jefa wa mai bugu ƙwallo, shi ke hana hakan. A kowane zagaye, da zarar an fitar da mutum uku na ƙungiyar da ke bugu sai ɗayar ta karɓa, kuma zagaye tara ake yi sai in an yi kunnen doki. Idan ka ga babu maki, to masu jifa ne suka yi kane-kane, kuma kowace jifa ɗaya tana iya kashe wasan.

Twins suka tsayar da Jack Morris, ɗan shekara 36, haifaffen St. Paul, maƙwabciyar Minneapolis. Braves suka kawo John Smoltz, ɗan shekara 24, wanda ya taso a Michigan yana sha'awar Morris lokacin da yake jifa a Detroit. Yaro da gwaninsa ke nan suka sa zare.

A zagaye na takwas hankalin kowa ya tashi. Lonnie Smith na Braves yana tasha ta farko, abokin wasansa Terry Pendleton ya maka ƙwallo can nesa. Da Smith ya zura da gudu da ya isa gida, amma ya yi turus a tasha ta biyu, daidai lokacin da Knoblauch da Gagne, masu tsaron Twins, ke yin kamar ƙwallon na hannunsu. Har yau ana ɗora masa laifi, ni kuwa ina ganin an matsa masa. Braves suna da mutum a tasha ta biyu da ta uku, ba a fitar da kowa ba, duk da haka suka kasa. Morris ne ya hana su: ya fitar da Ron Gant, ya bar David Justice ya wuce da gangan, sannan Sid Bream ya buga ƙwallon da aka fitar da mutum biyu da ita a take.

Da aka gama zagaye tara babu ci, kocin Twins Tom Kelly ya so ya hutar da Morris. Morris ya ƙi fita. Ya koma ya fitar da mutum uku a jere, jifarsa ta kai 126. Wannan taurin kan ne ya sa nake ƙaunar wasan, don a yau da wuya koci ya bar mai jifa ya kai haka.

A ƙarshen zagaye na goma Dan Gladden na Twins ya isa tasha ta uku. Aka ɗauko Gene Larkin daga benci, gwiwarsa na ciwo, ya ɗaga ƙwallo ta wuce kan masu tsaron baya, Gladden ya taka gida.

Morris ya karɓi kyautar gwarzon gasar. Shekara ɗaya kacal ya yi a Twins, ya koma Toronto, inda a 1992 suka ɗauki kofin, kuma Braves ɗin nan dai suka doke.