Tsofaffin kuɗi a ƙasan akwati: a sayar ko a riƙe?

Tambaya: Ina kakkaɓe akwatin da na je Landan da shi a 2019, sai na ci karo da fam 280 a aljihun ciki, duk 'yan fam 20 na da. Na aiki yaro wurin 'yan canji a Allen Avenue, nan Legas. Ɗan canji na farko ya ce sun mutu, na biyu ya ce zai saya a rabin farashi. In sallama masa? (Wata Hajiya daga Agege)

Amsa: Hajiya, riƙe abinki tukuna. Na farkon yana da 'yar gaskiya: bayan 30 ga Satumba 2022 aka daina ciniki da fam 20 da fam 50 na takarda a Ingila, aka koma na leda. Kika miƙa su a kanti, turo miki za a yi. Amma Babban Bankin Ingila bai yanka wa tsofaffin takardunsa wa'adi ba, duk ranar da aka kai masa zai canza su fam da fam. Na biyun ya san da haka. In da gaske sun mutu, wa zai taya gawa?

Ki fara duba abu ɗaya: a jikinsu an rubuta Bank of England? Wasu bankunan Sikotland da Ailan ta Arewa suna buga nasu fam, kuma wannan alkawarin bai shafe su ba. In na Ingila ne, ki nemi ɗa ko ƙane mai amana da zai yi tafiya. Mai asusu a can yakan iya zuba su a bankinsa. Wasu rassan gidan waya na Birtaniya suna canza har fam 300 cikin shekara biyu idan mutum ya nuna fasfo, naki kuwa bai kai haka ba. Sannan akwai shi kansa Babban Bankin a titin Threadneedle na Landan, sai dai a shirya wa layi. Suna karɓa ta wasiƙa ma, amma ni dai ba zan cusa tsabar kuɗi a ambulan daga Legas ba.

In babu mai tafiya kuma buƙata ta matso, ki yi ciniki da kyau. Shi ma sai ya nemi mai kai su, don haka ragi halal ɗinsa ne. Rabi dai ya yi yawa.

Tambaya: Zan je Dubai saro kaya, kuma ina da tsofaffin dala ɗari-ɗari. A Broad Street an ce sai an rage mini. Ba duk dala ba ce? (Wani ɗan kasuwa daga Idi-Araba)

Amsa: Alhaji, a Amurka duk ɗaya ce. Ba su soke tsofaffin takardunsu, tsohuwa mai ƙaramin hoton kai da sabuwa mai shuɗin zare da ta fito a Oktoba 2013 darajarsu guda. Matsalar ita ce ba Amurka za ka ba. Ɗan canjin Dubai da na Legas tsoron jabu suke yi, tsohuwar kuwa ta fi sauƙin kwaikwayo, shi ya sa suke ƙyamarta.

Kafin ka yarda da ragi, gwada bankinka. In kana da asusun dala, zuba su. A 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna da 'yan canji su riƙa karɓar tsofaffin dala da ƙananan takardu. Ka nemi a ba ka sababbi ranar cirewa. In kuma saye za ka yi don guzuri, ɗaga kowace takarda a haske, ka ƙi mai yagewa, mai tabon biro, da wadda aka cika wa ƙananan hatimai. A nan ana lamunta, a can sai a ture maka ita gefe ba ko bayani.

Tambaya: Na dawo daga Sudan bayan shekara huɗu da tsofaffin dubu-dubu na naira, da wasu tsofaffin shilin dubu na Kenya da aka ba ni. (Wani ɗalibi daga Mile 12)

Amsa: Ɗan'uwa, nairarka lafiya lau. Bayan wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban shekarar cewa tsofaffin 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da yawo tare da sababbi, babu wa'adi. Shiga kasuwa ka sayi tumatir da su.

Shilin ɗin ne babu labari. Kenya ta ba da wata huɗu a 2019, daga 1 ga Oktoba tsohuwar takardar dubu ta zama takarda kawai. Duk wanda ya ce maka yana da hanyar canza ta, in ka fara ba shi wani abu na mota, kada ka ba shi. Ka sa ta cikin littafi, ƙannenka sa gani.