Yadda za a koya wa ɗaliban sakandare keɓaɓɓun kalmomin nazari

Tambaya: Ina koyar da Hausa a aji biyar na sakandare. Ɗalibaina sun haddace ma'anar jigo, salo, kamantawa da siffantawa, amma in na ba su waƙa su nazarta sai su yi tsuru-tsuru. Ina mafita?

Amsa: Malama, matsalar tana ga abin da ake fara ba su. Yaron da aka fara ba shi suna kafin ya ga mai sunan, hadda kawai zai yi. Ki juya tsarin: misali tukuna, suna daga baya.

Rubuta musu "Audu kamar zaki yake" da "Audu zaki ne", ki tambaye su bambancin. Da bakinsu za su ce ta farko tana da "kamar", ta biyu kuwa ta mai da Audu zakin kansa. A nan ne za ki ce ta farko kamantawa ce, ta biyu siffantawa. Sai ki tura su gida su tambayi kakanninsu karin magana. Wanda ya dawo da "mutuwa rigar kowa" ya kawo siffantawa da hannunsa, ba zai manta ba. Wanda uwarsa ke ce masa "na shekara ina kiranka" ya san kambamawa tun kafin ya shigo aji.

Haka ma tsarin sauti. Su furta kukan jariri da kukar miya, su ji muryar ta faɗi a ƙarshen ta biyu: karin sauti ke nan. Garin Kano da garin tuwo kuma su nuna musu tsawon wasali.

Jigo ne ya fi ba su wahala, domin suna rikita shi da labari. Ni nakan hana su ba ni labarin. Nakan ce, a kalma uku, me marubucin yake so mu gane? In sun ce "illar son zuciya", sai su nuna mini baitin da ya tabbatar.

Ki kuma tsaya kan kalma ɗaya ga kowace ma'ana, don littattafai sukan sha bamban. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 zai taimaka, sannan ki duba tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO ki ga kalmomin da suke amfani da su. Kalma biyu a mako sun isa, muddin kowane ɗalibi zai kawo nasa misalin ranar Litinin.