Zauren Tambaya: In goge foldar .git kafin in ɗora shafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kwamfuta ne a Katsina, ina ɗan gina wa mutane shafukan intanet don samun na kashewa. Kwanan nan na gama na wata makarantar kuɗi a Daura, na haɗa fayilolin duka a zip na ɗora a cPanel. Wani abokina ya ce na bar foldar .git a ciki, wai hakan ganganci ne. Ni kuwa ko ganinta ban yi ba. In goge ta? Aikina ba zai lalace ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokin nan naka ya yi maka rana, ka saya masa fura.

Ba ka gan ta ba ne saboda a Linux duk abin da sunansa ya fara da ɗigo ɓoyayye ne. Sai ka shiga saitin cPanel ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli, sannan za ka gan ta zaune a cikin public_html, foldar da duk abin da ke cikinta jama'a za su iya buɗewa ta intanet.

Git, manhajar adana tarihin canje-canjen aiki da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, littafin tela ne. Duk awon da aka ɗauka, duk ɗinkin da aka farke aka sake, yana rubuce a cikin foldar nan. Tela kuwa riga yake miƙa wa mai ita, ba ya haɗa masa da littafin awon jama'a. Kai ka rataye littafin a ƙofar shago.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Git ba ya mantuwa. A ce a makon farko ka rubuta kalmar sirrin rumbun bayanai a cikin config.php, ko makullin sirri na Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, daga baya ka farga ka cire. A fayil ɗin yanzu babu shi, amma tsohon komit, wato sigar aikin da Git ya adana a lokacin, na riƙe da shi. Wanda ya sauke .git zai iya komawa wannan makon ya karanta. Ka tuna abin da ke rumbun makaranta: sunayen yara, lambobin wayar iyaye, wanda ya biya kuɗin zango da wanda ake bi bashi.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon. Ina zaune wurin mai shayi a Ƙofar Ƙaura da daddare, na ce bari in gwada wani shafi da na yi wa wani ɗan kasuwa. Na rubuta adireshin a waya, na ƙara /.git/HEAD a ƙarshe. Sai ga layi ɗaya ya fito: ref: refs/heads/master, alamar foldar .git a buɗe take ga kowa. Shayin nan a nan ya huce, na hau Napep sai gida. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2018 wani mai bincike ɗan ƙasar Cek, Vladimír Smitka, ya bi adireshin shafuka miliyan 230, ya tarar da kusan 390,000 da foldarsu a buɗe. Masu neman irin wannan ba da hannu suke bi ba, manhaja suke saki tana ƙwanƙwasa ƙofofi dare da rana, don haka kar ka ce wa ya san da shafin wata makaranta a Daura.

To, ka goge, amma ta kan saba kaɗai, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Ta kwamfutarka kar ka taɓa ta, ita ce tarihin aikinka. Shafin ba ya buƙatar .git don ya yi aiki, ba abin da zai same shi.

Nan gaba ka daina naɗe folda gaba ɗaya. Ka yi amfani da wannan:

git archive --format=zip -o shafi.zip HEAD

Zai fitar maka da fayilolin komit na ƙarshe kawai, babu .git. Wasu sun fi son yin git pull a kan saba kai tsaye. Ban hana ba, da sharaɗin foldar ta zauna a wajen public_html, ko a toshe ta a .htaccess da layin RedirectMatch 404 /\.git. Ni dai na fi natsuwa da rashinta gaba ɗaya, domin ranar da aka sauya saba aka manta da layin nan, ƙofa ta sake buɗewa. In ka gaji tsohon aiki na Subversion, wata manhaja mai aiki irin na Git, nemi .svn, kafin siga ta 1.7 kowace ƙaramar folda tana da tata. Ka leƙa ma ko .env, fayil ɗin da ake ajiye kalmomin sirri a ciki, ya bi ka.

Saura mai ɗaci. Gogewa ba ta dawo da abin da aka riga aka ɗauka. Tunda foldar ta kwana a waje, ka ɗauka an gani: ka sauya kalmar sirrin rumbun bayanai, da makullan biyan kuɗi, da duk wani tokin na GitHub da ke cikin .git/config. Sannan ka kira shugaban makarantar ka faɗa masa da bakinka, kafin ya ji a wani wuri. In ka gama, sake rubuta /.git/HEAD a burauza. 404, wato saƙon "ba a samu ba", kake son gani.