Yabanyar Shinkafata Tana Ƙonewa Tun a Wurin Reno

Tambaya: Ni manomin shinkafa ne a Kura, kuma shekara uku ke nan ina ɗibar iri daga abin da na girbe. A bana na ga baƙaƙen tabo a ɓawon shansherar, kuma da na zuba ta a wurin reno, wasu ba su tsiro ba, waɗanda suka tsiro kuma ganyensu ya yi ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Shin feshi zai magance wannan?

Amsa: Malam, alamun da ka bayyana sun fi kama da cutar tabon ganye mai ruwan ƙasa, wadda wata funfuna mai suna Bipolaris oryzae ke haddasawa. Ba cutar rainawa ba ce, domin tana cikin abubuwan da suka lalata shinkafar yankin Bengal na ƙasar Indiya ta wancan lokacin gab da yunwar da aka yi a can a 1943. Funfunar tana kwana a ɓawon iri, wani lokaci har cikin ƙwayar, saboda haka kai da kanka ka kai ta gona, kuma feshi bayan tsiro ba zai dawo da abin da ya ruɓe a ƙasa ba.

Tun kafin shuka ake tarar ta. Ka zuba gishiri a ruwa har sai ɗanyen ƙwai ya taso, sannan ka juye irin a ciki, ka kwashe duk abin da ya yi iyo ka zubar, domin yawancinsa holoƙo ne ko mai cuta. Wanda ya nutse ka ɗauraye shi sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta, ka baza shi a inuwa ya sha iska. Daga nan ka gauraya shi da maganin iri mai ɗauke da thiram ko carbendazim, kimanin giram 2 zuwa 3 ga kowane kilo, sai dai abin da aka rubuta a jikin ƙunshin shi ne abin bi. Ka girgiza su a cikin roba mai murfi har kowace ƙwaya ta ɗauki launin maganin, ka sa safar hannu, ka rufe hanci, kuma kada ragowar ta shiga tukunya ko gaban kaji.

Shawarata dai ka sabunta iri, ka nemi ingantaccen irin shinkafa mai suna FARO 44 ta hannun malaman gona. Maganin iri kariyar makonnin farko kawai yake bayarwa, kuma wannan cuta ta fi samun gindin zama a gonar da ta gaji ko take ƙishirwa, don haka kada ka yi sakaci da taki da ban ruwa bayan dashe.