Ka ce mu faɗaɗa ofis? Ja kujera

Jiya a mota, muna dawowa daga kotu, ka ce min: "Oga, me zai hana mu ɗauko wani lauya mai suna mu yanka masa albashi mai tsoka, mu karɓi bashin banki mu buɗe reshe a Kaduna da Abuja? Ai haka manyan ofisoshi suka girma." Na yi maka shiru don direba yana ji. Ga amsarka yanzu, kuma ka karanta ta har ƙarshe, ba irin karatun da kake yi wa fayil ba.

Shekararka biyu da ɗora hular gashi, har yanzu in alƙali ya ɗaga gira sai muryarka ta yi rawa, amma Abuja kake hange. Ku yaran yanzu haka kuke. Kun ga hoton ofis mai gilasai a Instagram, kun ga lauya ya jingina da baƙar mota, shi ke nan kun gama lissafi. Ba wanda ke tambayar wa ke bin motar bashi.

Tunda manya kake so, bari in ba ka babba. A 2007 wasu tsofaffin ofisoshin lauyoyi biyu na birnin Niyok suka haɗe suka zama Dewey & LeBoeuf. Sunan farkon na Thomas Dewey ne, tsohon gwamnan jihar, wanda ya nemi shugabancin Amurka a 1948 Truman ya kayar da shi. Lauyoyi sama da 1,000, rassa har Landan da Mosko. Shawarar nan taka ita suka bi sak. Suka dinga zawarcin lauyoyi masu suna daga wasu ofisoshi, ana rubuta musu alkawarin miliyoyin daloli duk shekara, aiki ya shigo ko bai shigo ba. Shekara guda da haɗewar, a 2008, tattalin arzikin duniya ya karye, aiki ya ja baya, alkawari kuwa yana nan a takarda. A 2010 suka ciyo bashin dala miliyan 150 ta hanyar sayar da takardun lamuni, abin da ofishin lauya bai saba yi ba. Aka riƙa ce wa lauyoyin da ke da hannun jari a ofishin su yi haƙuri da rabonsu sai baɗi. Farkon 2012 suka fara fita, yau biyar gobe goma, kowa da kwastomominsa a hammata. Kafin watan Mayu ya ƙare ofishin ya kai kansa kotu ya ce ya karye, da bashin da ya haura dala miliyan 300. Daga baya aka gurfanar da shugabanninsa kan zargin gyara littafin kuɗi, a 2017 aka samu mai riƙe da baitulmalin da laifi. Shekara biyar kacal tsakanin ɗaurin aure da jana'iza.

In ɗan kasuwa ya karye a kasuwar Sabon Gari, masu bin bashi za su tarar da atamfa a shago su raba. In ofishin lauya ya karye me za a tarar? Kujeru da kabad. Jarin ofis mutane ne, da ƙafarsu suke zuwa da safe, da ita suke tafiya da yamma, kwastoma kuma lauyansa yake bi, bai san allon da ke ƙofa ba.

Ni ban koyi wannan daga Amurka ba. A nan Zariya aka koya min, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ofishina na farko ɗaki biyu ne a Tudun Wada, da tafireta ɗaya da akawu ɗaya da yara lauyoyi biyu. Ƙananan ayyuka ke ciyar da mu: rikicin gona, takardun sayen gida, da fayilolin karɓo bashi na wani banki da ɗaya daga cikin yaran ke bi. Ba mu yi arziki ba, amma ba a taɓa kai biyar ga wata ban biya albashi ba. Ana nan, bayan komawa mulkin farar hula a 1999, sai ga wani Alhaji ɗan kwangila. Wani kamfani ya riƙe masa kuɗin aiki masu nauyin gaske. Na duba takardunsa na ga shari'a ce mai kyau. Ya ce ba shi da ko sisi a hannu, amma in an ci, kashi 10 cikin 100 nawa ne. Na jawo takarda zan rubuta yarjejeniya, sai ya dafa hannuna. Ya ce, "Haba Barista, ni da kai sai takarda? A zauren mahaifinka fa na yi karatun allo." Kunya ta kama ni na mayar da biro aljihu. Ko kafin alƙalami ban karɓa ba. Ni da nake yi wa mutane faɗa kullum su rubuta ko da cinikin akuya ne.

Wauta ta biyu ta fi ta farko. Na zauna na buga kashi goman nan a kalkuleta, na ga adadin, sai na fara kashe kuɗin da ko kotu ba ta ji labarinsu ba. Na kama bene a Sabon Gari na biya hayar shekara biyu. Kafet, na'urar sanyaya ɗaki, janareto. Na sayi jerin Nigerian Weekly Law Reports, wanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, tun daga kundi na farko, aka jera su bango guda, duk wanda ya shigo sai ya tsaya kallo. Filin da na gada a Hanwa na jinginar wa banki. Sannan na ɗauko wani lauya daga Kaduna, mutum mai baki, in ya miƙe a kotu har 'yan kallo gyara zama suke yi. Na yanka masa albashin da ya ninka na yarana biyu a haɗe, da mota, kuma wannan karon na rubuta na sa hannu. Ka gani ko? Abin da za a biya ni ban rubuta ba, abin da zan biya shi na rubuta.

Shari'a kuwa ka san halinta. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan can ɓangaren ba shi da lafiya, jibi an sauya alƙali a faro daga farko. Duk wata sai na fara biyan baƙon, don nasa a rubuce yake, yaran da suka sha ƙurar Tudun Wada tare da ni su jira. Wata uku aka yi haka, na huɗu mai fayilolin banki ya ajiye min makulli. Bai yi min rashin kunya ba, har durƙusawa ya yi. Sati biyu bayan nan bankin ya rubuto a miƙa masa fayilolinsu. Abin da ke biyan kuɗin wuta da man janareto ke nan ya bi shi ya sauka daga bene.

Mun ci shari'ar a Babbar Kotu. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna. Man mota, kuɗin haɗa kundin shari'a, kwanan otal, duk daga aljihuna, Alhaji kullum sai addu'a. Shekara ta bakwai baƙon nawa ya ce zai koma gida saboda mahaifiyarsa ta tsufa. Na yi masa fatan alheri har da guzuri. Bayan wata ɗaya na je Kaduna duba ranar zama, wani magatakarda da muka saba ya kalle ni ya ce, "Yallabai, ai an yi sulhu, ba ka sani ba?" Ya nuna min. Takardar sauya lauya, takardar sulhu, sa hannun Alhaji, sa hannun mutumin da na saya wa mota. An biya kuɗi tun makon jiya.

Daga tashar mota gidan Alhaji na wuce ko gida ban biya ba. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, aka kawo fura. Da na ambaci kashi goma sai ya buɗe ido kamar na yi Faransanci. "Kashi goma? A ina muka yi haka, Barista? Ni dai na san ka taimaka min don Allah da darajar Malam." Washegari ya aiko min da rago da turmin shadda biyu. Ladan shekara bakwai ke nan.

Za ka ce me ya hana ni kai shi kotu. Na fara. Sashe na 16 na dokar lauyoyi ya ce sai ka aika wa kwastoma lissafin kuɗin aikinka dalla-dalla da sa hannunka, ka jira wata guda, kafin ka shigar da ƙara. Na aika. Cikin watan nan ya tura dattawa wajen baffana a cikin birni, baffa ya kira ni ya ce ɗan Malam ba zai tsaya gaban alƙali da almajirin Malam a kan kuɗi ba. Wa zai musa wa baffa? Filin Hanwa ya tafi. Littattafan nan na sayar wa wani yaro da ya buɗe sabon ofis, rabin kuɗinsu ma bai kai ba, ina tsaye aka loda su a a-kori-kura.

Abu ɗaya nake ɗaga kai da shi. A lokacin akwai kuɗin gadon wasu marayu a asusun kwastomomi, sun isa su rufe bakin banki har su yi saura. Na kwana biyu ina kallon littafin cak ɗin. Ban taɓa ba. Na san lauyoyin da suka ce aro za su yi su mayar ƙarshen wata, yau sunansu ba ya cikin rajista.

Sauran abubuwan, yadda ake raba asusun ofis da na kwastoma, yadda ake rubuta yarjejeniyar kuɗin aiki, yadda ake bin bashi ba tare da an ɓata ba, kada ka sa ran zan zauna in yi maka bita. Wanda ya gama karatun lauya a Kongo ya je makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda bai san waɗannan ba, gara ya koma sayar da rake a Ƙofar Doka. Kuma ban ce ofis ba ya girma ba. Tun 1948 Rotimi Williams da Bode Thomas da Fani-Kayode suka haɗa ofis a Legas, haɗin gwiwa ba baƙon abu ba ne. Amma ka kawo min mutumin da zai yarda a raba abin da ya shigo, in babu a raba babu, sai mu yi magana. Mai cewa a rubuta masa nasa tun kafin ya ɗauki fayil, na riga na ciyar da irinsa.

Alhajin yana nan da ransa. Ranar Juma'a a sahun gaba yake zama, in mun haɗu a bakin masallaci ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Barista, ya ofis?" Ni kuma in ce alhamdu lillahi. Ragon maigadi na ba, shaddar tana ƙasan akwati ban ɗinka ba.

Mutumin nan na Giwa mai rikicin gona zai dawo ranar Litinin. Na ji kana ce masa ya kawo abin da ya samu daga baya. Ka kira shi yau ka ce ya zo da rabin kuɗin, kuma ka buga yarjejeniya kwafi biyu ka ajiye a teburina kafin azahar. In ya ce ya san mahaifina, ka ce masa ni ma na san shi.