Asalin kalmar muscle da alaƙarta da ɓera

An yi tambaya ko gaskiya ne kalmar Turanci ta muscle, wadda ke nufin tsoka, tana da dangantaka da ɓera. Gaskiya ne, ko da yake mutum zai yi mamaki idan ya fara jin haka.

Tushen kalmar daga Latin yake, inda ake kiran ɓera mus, sai aka ƙara masa ɗafin ƙanƙantawa ya zama musculus, wato ɗan ƙaramin ɓera, kuma daga nan ne ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci. Bayanin da masana harshe suka fi yarda da shi shi ne cewa Rumawa sun lura da yadda ƙwanji ke tashi yana motsi a ƙarƙashin fata idan mutum ya lanƙwasa hannu, kamar ɓera ne ke gudu a cikin tufa. Wanda duk ya taɓa kallon damtsen ɗan dambe ba zai yi musun kamannin ba. A Girkanci ma kalma guda, mys, ita ce sunan ɓera da tsoka.

Harafin c da ba a furtawa a muscle ragowar Latin ne, shi ya sa ake jin sa sarai a muscular.